Albashin da Aka Hana Fortunata Faɗa

Ƙarshen kowane wata, Señora Leticia takan kira ma'aikatan gidanta ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗakin ɗinkinta, ɗakin da ba a taɓa ɗinka ko maɓalli a cikinsa ba. Sai ta tura ƙofa, ta rage murya, ta miƙa ambulan a liƙe. Doña Fortunata mai girki ita ake kira daga ƙarshe, kuma ita kaɗai ake yi wa sumba a kumatu.

"Fortu tawa, kin dai san ba ɗaya kike da su ba," in ji Señora. "Abin da ke cikin nan tsakanina da ke ne. In suka ji, hassada za ta hargitsa min gida."

"Haba Señora, sai ka ce wata yarinya?"

Shekara goma sha tara ke nan ana wannan raɗar, Fortunata ba ta taɓa sakin baki ba. Takan cusa ambulan ɗin a rigarta ta sauko kicin tana jin nauyin abokan aikinta, kamar ta ci musu wani abu a ɓoye. Saboda wannan nauyin ne tsokar da ta fi girma a miyar gyaɗa take faɗawa kwanon Basilia mai wanki da guga. Saboda shi ne kuma duk ranar albashi take sayo salteña masu zafi, 'yan gasassun burodi masu nama a ciki, ta raba da Yoselin, wadda ke jinyar tsohuwar gidan, mahaifiyar maigida. Mutuniyar kirki ce Fortunata, irin kirkin nan da ake cutar mai shi yana godiya.

Shekarunta hamsin da takwas. Ba miji, ba ɗa, a ƙauyensu kuwa ba sauran wanda zai gane fuskarta. Duk abin da ta mallaka a birnin Cochabamba na ƙasar Bolivia yana cikin ɗan ɗakin da ke bayan kicin, maƙwabcin tukwanen gas: gado, akwati, rediyo, da hoton Maryamu Budurwa. In ta rasa aikin nan, ta rasa inda za ta sa haƙarƙarinta.

Rigimar ta faro ne daga abin farin ciki. Noemí, 'yar Basilia, za ta cika shekara goma sha biyar, kuma ba wanda ke yin wannan biki da aljihu ɗaya. Aka shiga rabon iyaye kamar yadda aka saba: an sami uban kiɗa, an sami uwar riga, wani kawu ya ɗauki giya. Wata ranar Alhamis da rana Basilia ta shigo kicin da kwalba biyu da soyayyar kaza a leda, ta cire hula, ta yi roƙo yadda ake yi. Yoselin take so ta zama uwar kek. Doña Fortunata kuwa uwar 'yan katunan tunawa da ake raba wa baƙi, abin da bai taka kara ya karya ba.

Fortunata ta ajiye ludayi. Tausayi ya kama ta. Yaya za a ɗora wa yarinyar da ta zo gidan bara kaya mafi nauyi, ita da ta fi kowa samu tana tsaye?

"Basilia, kin raina ni ke nan? Kati? Bar wa Yoselin kati. Kek nawa ne."

"Doña Fortu, kek fa da tsada."

"Na ce nawa ne. Hawa uku, da 'yar tsana a sama. Zuba min in sha."

Ta kurɓa, ta ɗiga wa ƙasa nata rabon, magana ta ƙullu. Daga ranar suka koma kiran juna comadre, sunan da uwar yarinya da uwar bikinta ke kiran juna da shi.

Ranar Lahadi, ranar hutunsu, su ukun suka shiga layin masu kek a kasuwar La Cancha. Basilia ta nuna wani mai ruwan hoda, mai kek ta faɗi kuɗinsa: boliviano dubu ɗaya da ɗari ɗaya, ba ragi, ƙwai ya yi tsada. Fortunata ta dafa teburin.

"Uwar Yesu! Ai wannan albashin wata guda ne ya kusa tafiya."

Yoselin ta tuntsire da dariya, idonta na kan waya. "Kai Doña Fortu, kin iya wasa. Watan wa? Ko rabin nawa bai kai ba."

Sai ta ɗago ta ga ba wanda ke dariya. Mai kek ta dubi wannan ta dubi waccan, ta ce in sun gama shawara su kira ta.

A bencin mai kunun masarar da ake kira api aka warware komai, kofuna na huci ba wadda ta taɓa nata. Yoselin ce ta fara, don ita bakinta ba shi da linzami: dubu biyu da ɗari shida. Basilia ta waiga hagu da dama kamar Señora na iya ɓullowa daga cikin tukunyar kunu, sannan ta ce dubu biyu da ɗari biyu. Suka zuba wa Fortunata ido. Ta buɗe baki sau biyu maganar ta ƙi fita, don shekara goma sha tara ba ta taɓa furta ta da murya ba.

"Dubu da ɗari huɗu."

"Na sati biyu?" in ji Yoselin.

"Na wata."

"Ni fa," in ji Yoselin, "Señora ce min ta yi kin fi kowa, in kika ji na kusa kamo ki ranki zai ɓaci, in ji tausayin tsufanki."

"Ni kuwa," in ji Basilia, "ce min ta yi ta daidaita ni da Yoselin duk da ba ni da takardar makaranta, in rufa mata asiri." Ta kama hannun Fortunata. "Comadre, a bar kek ɗin nan. Na rantse da Allah na yafe."

"Na riga na sha, an gani. Kek ba fashi."

Abin da ya fi ƙona mata rai a hanyar komawa gida ba kuɗin ba ne. Salteñan nan ne. Shekara da shekaru tana sayen su don lallashin mutanen da suka fi ta samu, su kuma suna karɓa suna cewa a ransu ai mai shi ce.

Litinin da safe ta kai wa Señora kofi a baranda, ta tsaya riƙe da tire, ta yi maganar cikin ladabi, har da ban haƙuri a gaba. Ba ta ce a biya ta na baya ba. Cewa ta yi ko za a duba albashin.

Señora ta sauke tabarau. "Wa ya gaya miki?"

"Hira ce ta kawo, Señora."

"Hira. A gidana ake zama ana lissafa min aljihu?" Ta dafe ƙirji. "Fortunata, kin ba ni mamaki. Ke fa a nan kike kwana. Kin san kuɗin hayar ɗaki a unguwar nan? Ruwa, wuta, abinci sau uku, wa ke biya? Basilia bas biyu take hawa kullum, ke taku nawa ne daga gadonki zuwa murhu? Haƙorinki da ya yi ciwo, wa ya kai ki aka cire? Rigar sanyin da ke jikinki ma tawa ce. In aka haɗa duka, kin fi su nesa ba kusa ba. Ni ban yi miki ƙarya ba."

"Yoselin ma a nan take kwana, Señora."

"Yoselin tana da takarda! Kuma 'yan yanzu ba sa zuwa sai an cika musu hannu, ba su da irin tarbiyyarki. Ke me za ki yi da kuɗi ma? 'Ya'ya gare ki a makaranta?"

Fortunata ta ɗauke kofin da ba a sha ba ta koma kicin.

Da yamma ta tari maigida, Injiniya Rodolfo, yana fitowa daga mota. Mutum ne mai fara'a, yakan ce duk faɗin Bolivia ba mai miyar gyaɗa kamar tata. Ya saurare ta yana kaɗa makulli a yatsa, yana gyaɗa kai kamar yana coci.

"Doña Fortu, kin fi kowa sanin gidan nan. Ni daga bakin ƙofa zuwa waje nake mulki. Ki bi ta a hankali, jininta na hawa kwanan nan. Yau me aka dafa mana?"

Daga ranar Talata gida ya canza, ba tare da an ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Señora ba ta iya faɗa ba, tsari ta iya. Aka ce daga yau kowa da lokacin cin abincinsa, don aiki ya riƙa tafiya: Basilia ƙarfe goma sha biyu a ɗakin guga, Yoselin ƙarfe ɗaya a sama wajen tsohuwa, Fortunata in ta gama wanke-wanke. Aka sa wa sito kwaɗo. Matar da ta shekara goma sha tara tana auna shinkafar gidan da ido, yanzu sai ta hau bene ta roƙi makulli kafin ta ɗebi sukari, ta sauko, ta sake hawa ta mayar, gwiwoyinta na ƙara a kowace matakala. Aka ce rediyonta na hana tsohuwa barcin rana, alhali tsohuwar ko ƙararrawar coci ba ta ji. "Fortu tawa" ta ɓace, sai "Fortunata" cikakke, kamar ana kiran suna a asibiti.

Miya ma ta fara laifi. Yau gishiri ya yi yawa, gobe ya yi kaɗan. A gaban baƙi Señora takan yi ajiyar zuciya ta ce, "Tsufa ne, me za a yi? Sai haƙuri, ba ka yar da mutum don ya tsufa."

Mako na biyu aka mayar da hutunta daga Lahadi zuwa Laraba, wai jikoki na zuwa cin abinci ranar Lahadi. Bikin Noemí kuwa ranar Lahadi ne, kuma Señora ta sani, don katin gayyatar yana liƙe a jikin firij. Fortunata ta roƙi awa uku kacal.

"Ni ba na hana ki, Fortunata. Amma wa zai ciyar da yaran? Ki yi tunani da kanki."

Haka aka yanka kek mai hawa uku, aka kira sunan uwar kek a lasifika har sau uku, ita tana can tana soya dankali wa jikokin da suka ce su kaza suke so. Litinin Basilia ta miƙo mata yanki ɗaya a naɗe cikin takarda ta tagar ɗakin wanki.

"An tafa miki, comadre. Noemí ta yi kuka da ba ta gan ki ba."

"'Yar tsanar ta tsaya daidai?"

"Ta ɗan karkace, amma ba wanda ya lura."

Fortunata ta cinye a tsaye bayan tukwanen gas. Daɗi ne da shi ƙwarai, kuma hakan ya ƙara ba ta haushi.

Sai ga takarda. Wani lauya, mijin ƙawar Señora, shi ya rubuta: ma'aikaciya ta yi alkawarin ba za ta tattauna albashinta da kowa ba, a gida ko a waje, in ta saɓa ta sallami kanta. Yoselin ta karanta ta ja tsaki.

"Wace dokar ce ta ce haka? Kuɗina ne, bakina ne. Wannan ko tumatir ba za a naɗe da ita ba."

Ta faɗi haka a kicin. A ɗakin ɗinki kuwa sa hannu ta yi, don tana biya wa ƙanenta makaranta. Basilia ta sa nata hannun tana hawaye. Da aka zo kan Fortunata, sai aka ƙara mata da wani sharaɗi.

"Ke kika ɓata gidan nan, ke za ki gyara," in ji Señora a hankali, har da dafa mata kafaɗa. "Za ki tara su ki ce ruɗewa kika yi, abin da kika faɗa ba shi ne duka ba, akwai wani da nake ajiye miki. Shi ke nan, a manta, ki ci gaba da zama a ɗakinki. In kuwa girman kai ya hana ki, ba zan riƙe ki dole ba. Na ba ki zuwa Asabar, in an tashi daga taron shayi da wasan karta. Yanzu ba ni da lokacin ɓacin rai, mata arba'in zan tara."

"Akwai wanda kike ajiye min ɗin, Señora?"

"Kin ji irin tambayar da nake gudu ke nan."

Kwana huɗu Fortunata tana juya maganar tana murza ƙullun biredi. Ta tambayi kuɗin hayar ɗaki a wajen mai kawo madara, ta ji ya fi ƙarfinta. Ta dubi hannuwanta, ta dubi gwiwoyinta. Wa zai ɗauki mai girki mai shekara hamsin da takwas da aka kora saboda baki? Ranar Juma'a ta yanke shawara: za ta ce ta ruɗe. Ƙarya ɗaya ce, kuma kowa zai gane ƙarya ce. Har ta gwada faɗinta a gaban madubin ɗakinta, ta ga tana fita.

Asabar ta zo da rana mai kyau. Aka jera tebur goma a lambu ƙarƙashin manyan laimomi, don shayin karta na bana na tara kuɗin taimakon mata marasa galihu ne. Kowace baƙuwa ta sayi kujerarta, da yawansu kuma sun zo da masu aikinsu aro, don a taya hidima. Kicin ya cika da mata masu dogayen kitso biyu, kowa na yanka abin da aka ba ta, ana gaisawa sama-sama. Fortunata ta ɗauki babbar butar shayi ta fita zagaya tebura.

A teburin Señora wasa ya yi zafi, hira ta fi shi zafi. Señora Maruja, mai gashi ja kamar an tsoma a manja, ita ke da bakin.

"Ni tawa ta zo min jiya wai dubu biyu da ɗari biyar ko ta tafi."

"Kada ki kuskura!" in ji Señora Chichi, tana jefa kati. "In kin ba ta, kin ɓata mana kasuwa gaba ɗaya. Ni Teodora dubu da ɗari takwas nake ba ta, sabuwar kuma dubu biyu da ɗari uku, kowace tana ganin ita ce 'yar lele."

"Pilar fa dubu biyu take ba Justina, har da kuɗin aikin Asabar daban."

"Ai Pilar hannunta a sake yake. Ku dai ku tambayi Leti, ita ce malamarmu. Leti, har yanzu dubu da ɗari huɗun ne?"

"Da ƙyar nake riƙe da shi," in ji Señora Leticia, idonta na kan katunanta. "An buɗe mata ido. Amma yau za a rufe."

"Dubu da ɗari huɗu, da irin wannan girkin! Ni kam duk inda na je sai na ba da labarinki."

Aka yi dariya. Maruja ta ɗaga kofinta sama ba tare da ta waiga ba, Fortunata ta cika mata shi. Tana tsaye a bayansu taku ɗaya, da buta a hannu, ba wadda ta gan ta, kamar yadda ba wadda ta ga sandar laima.

Ashe sirrin da ta goya shekara goma sha tara kamar jariri, abin hira ne a teburin karta. Maruja ta san shi, Chichi ta san shi, wataƙila har mai gyara musu gashi ta san shi. Su suna zama a inuwa su faɗa wa juna nawa suke biya, su tsawata wa wadda ta so ƙarawa, ba wanda ya kira wannan gulma ko rashin tarbiyya. Mutum biyu kawai aka ɓoye wa albashin Fortunata a duk faɗin unguwar, su ne biyun da da sun ji tun farko za su ce mata, "Comadre, ana cutar ki."

Ba ta zubar da shayin ba, ba ta yar da butar ba. Ta zagaya sauran tebura tara a nutse, tana zubawa tana saurare, don kusan ko'ina hirar ke nan in an gama ta farashin dala. Mai girki ce, kanta ya saba riƙe wa ke shan sukari biyu, wa ba ya cin albasa. Ta riƙe komai.

Ta koma kicin ta ajiye butar a kan murhu.

"Wace ce Teodora a nan?"

Wata doguwa mai yanka lemo ta ɗago. "Ni ce, Doña."

"Dubu da ɗari takwas ake ba ki."

Wuƙar ta tsaya. "Wa ya gaya miki?"

"Uwar ɗakinki, yanzun nan, ta gaya wa mutum uku. Sabuwar da aka kawo muku dubu biyu da ɗari uku take karɓa. Justina fa? Ke dubu biyu ne, kuma ana cewa uwar ɗakinki ta yi ɓarna. Ke ta gidan Señora Maruja, ki tsaya a kan dubu biyu da ɗari biyar ɗinki, tana da shi, tsorata ta kawai ake yi."

"Comadre!" in ji Basilia daga bakin ƙofa, hannu a ka. "Ɗakinki fa!"

"Ni kuma Fortunata, dubu da ɗari huɗu. Ban ruɗe ba, ba kuma wanda ake ajiye min a ko'ina."

Can wata tsohuwa a wajen wanke kofuna ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Dubu da ɗari shida. Shekara goma sha ɗaya." Wata ta ce nata. Wata ta ce, "Ke? Ai ni da na zo bayanki na fi haka!" Nan take kicin ya kaure kamar layin masu kifi, wannan na dariya, wannan na zagi, Teodora na ta yanka lemo guda ɗaya har ya zama ruwa. Yoselin ta sauko daga bene ta tsaya tana kallo baki buɗe, sannan ta ce, "To, ni ma a yaga takardar. Dubu biyu da ɗari shida!"

Ana cikin haka Señora ta turo ƙofa. "Wai ina shayi ne? Mene ne wannan hayaniyar?"

"Kin ce in tara su in yi musu bayanin albashina, Señora," in ji Fortunata. "Na yi. Da na ga mutane sun taru, sai na haɗa da na kowa."

Señora ba ta yi ihu ba, akwai baƙi. Ta ce wa Fortunata ta kwashe kayanta kafin rana ta faɗi, ta koma lambu da murmushinta, aka ci gaba da tara wa mata marasa galihu kuɗi. An ce bana an fi bara samu.

Kayan shekara goma sha tara ba su cika mayafin goyo biyu ba. Basilia ta ɗauki ɗaya ta ce akwai katifa a ɗakin Noemí, a zauna tukuna a ga abin da Allah zai yi. Fortunata ta san katifar aro ba gida ba ce. Ta san kuma daga yau ba ɗaya daga cikin gidaje arba'in ɗin nan da zai buɗe mata ƙofa, don kafin a kwashe tebura labarinta ya zagaya lambun. Tsoro take ji sosai. Amma ta ninke rigar sanyin nan ta ajiye a kan gado, ta fito.

A bakin ƙofar baya Señora ta tare su, ta baro baƙinta na ɗan lokaci. Idanunta sun yi ja, kuma ba na ƙarya ba ne, da gaske take ganin ita aka zalunta.

"Kin kunyata ni a gaban ƙawayena, Fortunata. Ni? Shekara goma sha tara na riƙe ki kamar 'yar'uwata ta jini."

Fortunata ta gyara ƙullin kayanta a baya, ta dube ta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Da ma kin riƙe ni kamar baƙuwa, Señora. Na ga baƙi kike biya."